Ƙato Bayan Ƙato, Ni Kuma Bayan Wa?

Masu karatu, barkanmu da war haka. Baiwar Allah da ta rubuto min cewa wai na cika jan rai, ki yi haƙuri, yau ga abin na kawo ɗungurungum, sai ki gyara zama. Wanda kuma yau ne ya fara cin karo da ni, sunana Rahma, 'yar Alhaji Sadisu mai tayil a nan Lafia. In kun shiga keke napep a makon nan kun ji ana cewa "ai yarinyar nan ba ta da kirki", to ba sai kun tambaya ba, ni ce.

Bari in ɗauko muku daga tushe.

Shekarun baya muka taso daga cikin gari muka dawo Gangare, sabuwar unguwar nan da ke bayan Bukan Sidi. Abba ya gina gida, ya manna tayil har a jikin katanga, don kada wani ya wuce bai san sana'ar mai gidan ba. Amma har gobe bai yarda shi ɗan Gangare ba ne. In baƙo ya ce, "Alhaji an koma bayan gari," sai ya ɓata rai ya ce, "Mu 'yan cikin gari ne, iska kawai muka zo sha." Wannan shan iskar ne ya sa babu wanda ya sauya katinsa a gidanmu. Abba, Umma, gwaggonnina, har ma'aikatan shago, kowa mazaɓarsa tana can kusa da tsohuwar kasuwa. Ranar zaɓe a cika mota a tafi can a yi layi cikin 'yan'uwa, a dawo ana yi wa Gangare kallon ƙauye.

Ni kaɗai ce na yi rajista a nan. Kada ku ce kishin unguwa ne, wallahi ba shi ba ne. Ranar da aka buɗe rajista a firamaren Gangare, Safiyullahi ne yake taimaka wa tsofaffi da layi a gindin mangwaro, ni kuma na ga ya dace in zama 'yar ƙasa tagari a ranar. Sai da na yi katin zaɓe, na koma washegari na yi na jam'iyya, da akwai kati na uku ma da na yi.

Safiyullahi ɗan fari ne a gidan Modibbo. Rugarsu tana nan tun kafin a ajiye bulo na farko a Gangare, gari ne ya zo ya same su ya zagaye su, yanzu shanunsu tsakanin katangu masu kwalba suke bi su tafi kiwo. Ya karanci lafiyar dabbobi, yana da shagon yogot a bakin titi. Dogo ne, mai sanyin murya, yana magana kamar datarsa za ta ƙare. Ni Likita nake ce masa, shi kuma Rahmatu. Maganarmu ta kai gaban manya, har an sa Asabar ɗin da mutanensa za su zo gaisuwa.

Sai siyasa ta ce ba ta yarda ba.

Yayana Baballe ya gwada kiwon kaji, suka mutu. Ya gwada sayar da waya, ya koma shi ne babban kwastoman kansa. Ya je Kwatano ɗauko mota, ya dawo da labari. Da ya ga duk sun ƙi, sai ya gano cewa al'umma ce take kiransa. Ya sauya katinsa zuwa Gangare, ya buga fasta, ya fito takarar kansila a jam'iyyar Tulu. Tun kafin ya sayi fom ya hana a kira shi Baballe, sai Honorabul. Har Umma, in ta manta ta ce "Baballe zo ka ci abinci," ba ya ji.

A daidai lokacin ne mutanen ruga da masu gonakin gefen rafi suka tura Safiyullahi ya fito, saboda hanyar shanu da ake ta toshewa da gini. Jam'iyya ɗaya, kujera ɗaya. Kuma ku sani, a Gangare wanda ya ci fidda gwani a Tulu ya gama. Jam'iyyar Tocila tana nan, amma magoya bayanta ba su cika benci biyu ba, ko taronsu a shagon mai shayi suke yi.

Akwai ta uku, Madam Erdoo, 'yar Tibi mai sayar da garin kwaki a bakin kwalbatin da ya karye. Duk damina ruwa sai ya shiga shagonta, ta kai ƙara har ta gaji, ta ce to bari ta zama kansilar da kanta. Fastarta baƙi da fari ce, ta fotokwafi. Yaya Baballe in ya gan ta dariya yake yi har da riƙe ciki.

Da farko ban damu ba. An ce da takarda za a yi, kowa ya shiga lungu ya dangwala ya jefa a akwati. Don haka da Yaya ya tare ni a kicin ya ce, "Rahma, ƙuri'arki fa?" na ce, "Haba Honorabul, jini ai jini ne." Da Likita ya raka ni bakin get bai tambaya ba, ni da kaina na ce masa, "Ka san inda yatsana zai sauka." Ban ji komai ba. Kuma kada ku yi min kallon nan, duk Gangare haka aka yi. Yaya ya raba atamfa mai hotonsa, mata suka karɓa suka rantse. Mutanen Likita suka raba shuɗin hijabi da kindirmo, matan nan dai suka karɓa suka sake rantsewa. Sai ka ga mace ta fito, zanen Baballe a ƙasa, hijabin Safiyullahi a sama, tana tafiya hankali kwance kamar ofishin sulhu.

Atamfar ma abin kallo ce. Telan da ya ɗinka ta gidanmu bai duba inda hoton zai faɗa ba. Duk wadda ta juya baya, ga fuskar Honorabul nan tana murmushi a inda ake zama. Umma ta ce a yi shiru, kada a karya masa gwiwa.

Ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓen fidda gwanin, saƙo ya shigo gurup ɗin matan unguwa. Wai uwar jam'iyya ta ce babu takarda, babu akwati. Ƙato bayan ƙato za a yi. Ɗan takara ya tsaya a gaba ya juya baya, masu sonsa su jeru a bayansa da rana tsaka, a ƙirga kawuna. Kuma sai mai katin Gangare.

Gurup ɗin da ba a yin minti ɗaya ba a turo sitika ba ya yi tsit. Can wata ta rubuto, "Innalillahi." Wata ta ce ita dama ranar tana da awo a asibiti. Matar da autanta ya gama sakandare.

A gidanmu kuwa Abba ya sa aka kwaso katunan kowa aka zube a kan tebur ɗin falo. Yana ɗagawa yana ajiyewa. Cikin gari. Cikin gari. Cikin gari. Mutum ya yi wata biyu yana ciyar da kamfen, ashe duk gidansa 'yan kallo ne. Da ya zo kan nawa ya tsaya.

"Wa ya ce ki yi rajista a wannan dajin?"

Na sunkuyar da kai.

"To, Allah ya yi miki albarka," ya ce, ko numfashi bai sauya ba.

Umma ta matso kusa da ni a kan kujera. "Ke ba ƙuri'a ɗaya ba ce, Rahma. Matan unguwar nan duk sun ci ta ko'ina, ba su san inda za su sa kansu ba. Ke za su kalla. Inda 'yar gida ta tsaya, nan za su bi."

"Umma, ni fa ranar ina jin kamar zan yi zazzaɓi."

"Ki yi shi a layi."

Abba ya ɗauki rimot ya kashe talabijin, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Ki saurare ni da kyau. Ban hana yaron nan neman aurenki ba, ko da yake ya rasa wanda zai kara da shi sai ɗana. Amma in kika tsaya a bayansa ranar Laraba, duniya tana kallo, to ki ci gaba da tsayuwa a can. Asabar ɗin nan babu ita, kuma babu wata Asabar bayanta."

Yaya Baballe yana gefe yana gyara hula a gilashin kabet. Ya ce, "Abba ka bar ta, ai ta san jini." Na so in ce masa kajinsa ma sun san shi, amma na haɗiye.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Tsoro ne ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Ina son Safiyullahi son da ban taɓa faɗa wa kowa girmansa ba, kuma na san Abba, in ya kashe talabijin ya yi magana, ba ya kunna ta da wata maganar.

Na rubuta masa: "Likita ka ji sabon salo?"

"Na ji."

"Abba ya ce in na tsaya bayanka an fasa Asabar."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Na zuba wa wayar ido.

"Ki tsaya inda hankalinki zai kwanta, Rahmatu. Ni bayana zan juya, ba zan gani ba."

Ku ji fa. Bayansa zai juya. Kamar sauran mutanen Gangare makafi ne.

Sai ga wani saƙon: "Inna ta ce za ta zo."

Nan na yi dariya ni kaɗai. Inna Juwairiya? Matar da tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma kun san kunyar Fulani a kan ɗan fari. In yana tsakar gida ba ta cin abinci. In za ta aike shi, sai ta kalli bishiya ta ce, "A gaya wa mai shanun nan gishiri ya ƙare." Ranar da ya gama makaranta aka yi walima, ita daji ta tafi itace. Wannan matar ce za ta zo ta tsaya a bayansa a bainar jama'a? Na tura masa hoton dariya, na ce ya gaishe ta.

Laraba da hantsi Umma ta tsaya a kaina har na shirya. Riga da siket na atamfar Honorabul, ɗaurin ɗankwali mai hawa biyu, farin mayafi, da takalmi mai tsini wanda na yi nadamarsa tun daga get. Na faki idonta na cusa shuɗin hijabin a jaka. Me zan yi da shi? Ni ma ban sani ba.

Filin firamare ya cika maƙil. An ja igiya, masu kati a ciki, 'yan kallo a waje. Gidanmu kaf suna bayan igiya cikin anko, da makaɗa, da kuloli na shinkafa, babu mai ƙuri'a ko ɗaya. Abba yana kan farar kujera a gaba, babbar riga ta sha sitati, wani ya riƙe masa lema. 'Yan cikin gari sun zo shan iska.

'Yan takara uku suka tsaya a gaba, suka juya wa jama'a baya. Yaya Baballe yana ta ɗaga hannu yana gaida katangar makaranta, don ita ce a gabansa. Safiyullahi cikin farar kaftani, hannuwansa a baya, ko motsi ba ya yi. Madam Erdoo da zanenta mai baƙi da fari na Tibi, ta riƙe ƙugu, kamar mai jiran kwastoma ya gama taya gari.

Maza ba su ɓata lokaci ba, kowa ya san wanda ya fi ba shi kunya, suka jeru. Bayan Madam akwai 'yan cocinsu da maƙwabtan kwalbati, layin bai kai ko tsakiyar fili ba. Amma mata, taro guda, sun cure a gindin mangwaro. Zanen Baballe, hijabin Safiyullahi. Wannan tana gyara goyo, waccan tana neman abu a jaka wanda ba ta ajiye ba. Ina shiga cikin igiya na ji idanunsu sun sauka a kaina gaba ɗaya.

Mai lasifika ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mata, don Allah, ku shiga layi, rana yana yi."

Babu wadda ta motsa.

Na fara tafiya. Hanyar zuwa layin Yaya sai ta bi ta gefen layin Likita. A nan na gan ta.

Inna Juwairiya ce, 'yar siririya, da baƙin zane da mayafin saƙi, tsaye a layin ɗanta na fari. Ba ta kallon gaba inda yake, ƙasa take kallo. A gabanta kuma akwai gurbi na mutum ɗaya, ta ajiye faifai a wurin, irin wanda take rufe ƙwaryar nono da shi, mai ja da kore. Duk wanda ya matso zai cike gurbin sai ta sa hannu ta tare.

Wata tsohuwa a bayanta tana tsokanarta. "Juwairiya, yau kuma ke ce a bayan ɗan fari? Duniya ta zo ƙarshe."

"Ni ban san wani ɗan fari ba," in ji Inna. "Wuri na zo kama wa wata yarinya."

Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kanta ƙasa.

Masu karatu, nan na ja na tsaya. Matar nan ta ajiye kunyar da ta riƙe tun kafin a haife ni, ta tako cikin mutane ana yi mata dariya, saboda ni. Na juya, ga Abba a bayan igiya ya ture lemar gefe don ya gan ni da kyau. Umma ta ɗora hannu biyu a ƙirji. In na taka gurbin nan, na rasa Asabar. In na wuce shi na tafi bayan Yaya, da wane ido zan sake kallon tsohuwar nan?

Sai dabara ta zo min, irin dabarar da take zuwa wa mutum in tsoro ya yi masa yawa, ya ɗauka basira ce. Na ce ai layi uku ne. Abba cewa ya yi kada in tsaya bayan Safiyullahi, bai ce komai a kan mai garin kwaki ba. Likita kuma ba zai ce na zaɓi Yaya a kansa ba. Madam ba za ta ci ba balle a ce na yi ɓarna. Kowa ya tsira, ni ma na tsira. Har ina yaba wa kaina.

Na wuce faifan. Na wuce layin Yaya. Na je can ƙarshen layin Madam Erdoo na tsaya, tsinin takalmina yana nutsewa a ƙasa.

Sai na ji wata daga gindin mangwaro ta ce, "To, in 'yar gidan ma can ta tsaya, wa zai ce mana wani abu?"

Abin da Umma ta faɗa ne ya faru, sai dai ba ta inda ta so ba. Matan nan suka taso kamar an buɗe famfo. Ashe duk abin da suke nema ke nan, wurin da mai atamfa ba zai ce sun bi mai hijabi ba, mai hijabi ba zai ce sun bi mai atamfa ba. Mai awon asibiti ce ta fara isowa, da gudunta. Kafin in ce wani abu layin ya wuce ni, ya wuce mangwaro, ya lanƙwasa ta bayan ajin 'yan naziri. Ina cewa, "Ku koma, don Allah ku koma," wata ta dafa ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin fitar da mu."

Aka fara ƙirge, ana dafa kafaɗa ɗaya bayan ɗaya. Da mai ƙirgen ya iso layin Likita ya ga gurbi, ya ce, "Mama, matsa gaba." Inna ta ce, "Da mai wurin." Ya ce, "Ina yake?" Ya tsallake faifan ya ci gaba.

Lasifika ta yi ƙara. Baballe Sadisu, ɗari da saba'in da huɗu. Safiyullahi Modibbo, ɗari biyu da uku. Erdoo Akaa, ɗari biyu da sittin.

Aka ce 'yan takara su juyo. Madam Erdoo ta juyo ta ga layinta, ta dafe kai, ta zauna daɓas a ƙasa. Da ta gano ni sai ta taso ta rungume ni tana kuka. "Rahma, kai ne ka yi wannan? Kwalbati ya gyaru, na rantse, kwalbati ya gyaru." Yaya Baballe ya juyo da murmushin nasara da ya yi sati yana gwadawa a madubi, murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai je ba. Makaɗanmu, da yake an riga an sallame su, suka ci gaba da kiɗa.

Ni Likita nake kallo. Ya bi layinsa da ido tun daga farko, a hankali, har ya zo kan gurbin. Ya daɗe a nan. Bai nemi inda nake ba.

A gida babu kalar sunan da ban sha ba. Yaya ya ce ni 'yar Tocila ce aka dasa a gidan. Gwaggo ta ce asiri ne, a garin kwaki aka ba ni. Umma kuwa ta sa ni wanke kulolin shinkafar nan duka ni kaɗai, ina sanye da fuskar Honorabul. Abba ya shige ɗakinsa, sai la'asar ya fito ya tafi masallaci.

Ya daɗe bai dawo ba. Ashe a can ya haɗu da Modibbo. Shekara da shekaru suna sallah a sahu ɗaya, gaisuwarsu ba ta wuce "ya iyali" ba, amma ranar iyayen waɗanda suka sha kaye suka zauna a tabarma ɗaya suna jajanta wa juna. Suka zagi ƙato bayan ƙato, suka zagi zamani, suka yarda cewa mata ba abin yarda ba ne. Abin da soyayyarmu ta kasa haɗawa, faɗuwa ta haɗa.

Da ya dawo ya kira ni falo. Talabijin a kashe.

"Ashe Modibbon nan mutumin kirki ne," ya ce, yana kallon silin. "Ban ce kin kyauta ba. Amma ba ki tsaya bayan yaron ba, ni kuma ba na magana biyu. Su turo ranar Asabar. Ya zo ya kwashe ki, ki je can ki ci gaba da kayar da mutane."

Na shiga ɗaki da gudu. Na ce ashe dabarata ta yi. Na rubuta: "Likita albishir. Abba ya ce Asabar tana nan."

Ya karanta. Shiru. Na yi sallar magariba, na duba. Shiru. Na tura hoton zuciya, na goge, na sake turawa. Bayan isha'i sai ga hoto ya shigo. Filin makaranta ne, babu kowa, sai ledojin ruwa da fastoci a ƙasa. A tsakiya ga faifan nan, an ɗora masa dutse.

A ƙasa ya rubuta: "Ni ban yi fushi da kujera ba. Inna ce ta ƙi ɗaukar faifanta. Ta ce a tambayi yarinyar, a ɗauke ko a bar shi."

Na rubuta amsa ta kai goma ina gogewa. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don Abba ya yafe, Madam ta ci, matan unguwa sun tsira, mutum ɗaya ce ta biya kuɗin dabarata, Inna, wadda ba ta roƙe ni komai ba.

Da safe na ce wa Umma zan je sayo katin waya. Na sa shuɗin hijabin nan da silifas. Faifan yana nan, raɓa ta jiƙa gefensa, 'yan makaranta suna zagaye shi ba su taɓa ba. Na ɗauke dutsen, na rungume faifan, na bi hanyar shanu tsakanin katangu har ruga. Na san budurwa ba ta zuwa gidan surukai ana saura kwana biyu gaisuwa. In Gwaggo ta ji sai ta suma. Ta suma ɗin.

Inna tana tsugune tana tatsa. Can gaba kaɗan Safiyullahi ya ba mu baya, ya riƙe wani maraƙi yana ɗura masa magani. Na san ya ji sallamata, don kafaɗarsa ta motsa, amma bai juyo ba.

Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa ba ta daina tatsa ba. Na miƙa mata faifan da hannu biyu.

"Inna, ga shi na kawo miki."

Ta dube shi, ba ta karɓa ba.

"Ni ban aiki kowa ya ɗauko ba, tambaya na yi. Da kin ce a bar shi, na san wurin yana da mai shi. Da kin ce a ɗauke, na san an gama. Yanzu kin kawo min shi har gida." Ta matse nonon saniyar, madara ta yi ƙara a ƙwarya. "Kin sake samun layi na uku ke nan, 'yar nan."

Wallahi da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Na miƙe. Na taka zuwa tsakaninta da shi, na ajiye faifan a ƙasa, na tsaya a wurin, fuskata tana kallon bayan Safiyullahi. Matan ruga suka fara leƙowa daga bukkoki. Wani mai babur da ke wucewa ta bakin shinge ya rage gudu, kuma na gane shi, a ƙofar shagon Abba yake tsayawa. Kafin azahar labarin zai kai cikin gari. Ban motsa ba.

Na ji Inna ta ajiye ƙwarya. Na ji takunta a hankali, har ta zo ta tsaya a bayana, kusa sosai, ina jin ƙamshin nono da hayaƙi a jikin zanenta. Ta yi gyaran murya, ta kalli bishiyar ɗorawa da ke gefe.

"A gaya wa mai shanun nan," ta ce, "ya juyo ya ƙirga layinsa."

Safiyullahi ya saki maraƙin. Ya goge hannunsa a jikin riga, ya daɗe yana gogewa. Ni dai ina tsaye, kuma ko zai kai azahar bai juyo ba, babu inda za ni.